Ganuwar Dutse Da Ganuwar Ƙasa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. Saboda haka ne a kowace shekara dubban mutane suke kashe kuɗi masu yawa, su ƙetare teku, don kawai su je su tsaya a gaban tsohuwar ganuwa ko kufan wani birni wanda mutanensa suka shuɗe tun da daɗewa. 'Yan ƙasar nan da Allah Ya hore wa halin fita waje su ma sukan shiga wannan sahu, su komo da hotuna da labarai masu daɗin ji. Abin da ba kasafai ake tambayarsu ba shi ne, ko sun taɓa taka kufan da ke bayan garinsu. A Maiduguri wannan tambaya tana da nauyi na daban, domin tun daga 2009, da rikicin Boko Haram ya ɓarke, hanyoyin da ke kai mutum tsofaffin biranen Barno suka zama ba a bin su sai da shiri, wasu ma sai da rakiyar soja. Har an sami samari da 'yan mata da suka girma suka yi aure ba su taɓa ganin Kukawa ko Dikwa ba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan samari wani injiniya ne haifaffen Maiduguri, wanda kamfanin da yake wa aiki ya tura shi kwas na 'yan watanni a kan aikin haƙar mai a gaɓar tekun ƙasar Meksiko. Da ya sami hutu a can sai abokan karatunsa suka ja shi zuwa wani birni na bakin teku mai suna Kamfece. Bayan ya komo gida, cikin hunturun da ya biyo bayan ambaliyar 2024, ya tafi gaida kawunsa, wani dattijo da ya shekara talatin da 'yan kai yana koyar da tarihi a makarantun sakandare kafin ya yi ritaya. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo shayi, saurayin ya buɗe wayarsa ya shiga nuna hotuna yana ba da labari.

Labarin kuwa ya isa a ba da shi. Turawan Sifen ne suka kafa Kamfece a 1540, a kan wani tsohon garin mutanen Maya, watau 'yan asalin ƙasar. Garin ya yi arziki da fitar da wani itace da ake rini da shi, wanda masaƙun Turai suke nema ruwa a jallo, kamar yadda marinan Kano suke neman baba. Arzikin nan shi ya jawo masa 'yan fashin teku. Sun afka masa a 1663 suka kwashe dukiya, suka sake komowa a 1685 suka ƙone shi. Da abin ya ishi mahukunta sai suka fara gina ganuwar dutse a 1686, ba a gama ba sai 1704. Tsawon kewayenta wajen kilomita 2 da rabi ne, da sorayen tsaro 8 waɗanda aka girke igwa a kansu. Da zamani ya juya, fashin teku ya kau, sai mutanen garin suka ga ganuwar ta tare musu iska, suka fara rushe ɓangaren da ke fuskantar teku a 1893. Daga baya suka yi nadama, suka sake gina ƙofar teku a 1957, suka mai da sorayen da suka rage gidajen ajiye kayan tarihi. A 1999 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Yau mai otal da mai tasi da mai sayar da abinci a Kamfece duk a gindin wannan ganuwa suke cin abinci.

Abin da ya fi burge saurayin dai shi ne wani kufai mai suna Edizna, kimanin kilomita 55 daga Kamfece. Birni ne na mutanen Maya wanda aka fara zama a cikinsa ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A tsakiyarsa akwai wani gini na dutse mai hawa 5, wanda ya tashi kamar dalar gyada, tsayinsa ya haura mita 30. Mutanen sun haƙa magudanan ruwa masu tsawo da tafkuna, suna tara ruwan damina don rani. Wajen ƙarni na 15 suka watse, daji ya rufe birnin.

Da ya kai nan sai ya ajiye wayar ya ce, "Kawu, wallahi mutanen nan sun bar tarihi. Mu kam ban ga abin da kakanninmu suka bari wanda baƙo zai biya kuɗin jirgi ya zo gani ba."

Dattijon bai yi fushi ba. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ɗana, ganuwar nan da ka ce kilomita 2 da rabi ce, ka san ta Birnin Ngazargamu ta ninka ta har da ɗori?" Saurayin ya ce ya dai san sunan a littafin makaranta, amma bai san ko akwai sauran wani abu a wurin ba. Dattijon ya lissafa a zuci, ya ga cewa yaron nan yana ajin farko na sakandare aka fara rikici, watau ya tashi ne a lokacin da iyakar duniyar ɗan Maiduguri ita ce shingen soja na ƙarshe a bakin gari. Shi kuwa a shekarun 1970 da 1980 yakan cika mota da ɗalibai, da buhun garin kwaki da tulun ruwa, su kwana Kukawa su wayi gari a bakin Tafkin Chadi, ba mai tambayarsu daga ina zuwa ina. Sai ya ce masa, "Laifin ba naka ba ne. Gobe ka zo da motarka da sassafe. Inda hanya ta yarda mu je, inda ba ta yarda ba in gaya maka abin da idona ya gani."

Suka fara da Dandal, watau faffaɗan titin nan da ya miƙe har ƙofar fadar Shehun Barno. A nan dattijon ya nuna masa cewa Maiduguri ita ma, kamar Kamfece, zamanin Turawa ne ya haife ta. Bayan Turawan Ingila sun kafa barikinsu a Mafoni, Shehu Abubakar Garbai, wanda ya baro Dikwa a 1902 ya zauna Monguno sa'an nan Kukawa, ya taso ya kafa sabon gari kusa da su a bakin kogin Ngadda a 1907, aka sa masa suna Yerwa. Amma tsarin garin ba na Turawa ba ne. Wannan dandali da ke fuskantar fada, da masallaci a gefe, shi ne fasalin garuruwan Barebari tun fil azal, haka Kukawa take, haka Dikwa. Ashe mutanen da suka baro kufansu sun ɗauko taswirar garinsu a ka, suka shimfiɗa ta a sabon wuri. Sauran abubuwa daga baya suka zo: jirgin ƙasa a 1964, hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, jami'a a 1975.

Saurayin ya ce to, ai bambancin shi ne Kamfece tana bakin teku. Dattijon ya yi murmushi ya sa shi ya bi hanyar Bama. Da suka ɗan taɓa tafiya ya nuna masa yadda ƙasar ta yi doro, rairayi ne ja-ja-ja ya miƙe kamar an ja layi. Masana suna kiran wannan doro Tudun Bama, ya bi ta Maiduguri ya nufi Bama har cikin ƙasar Kamaru. Gaɓar tsohon Tafkin Chadi ke nan, a zamanin da tafkin ya kasance wani makeken ruwa mai kama da teku, shekaru dubbai da suka wuce. Watau inda motoci suke wucewa yau, da can igiyar ruwa ce take dukan wurin. Ko a 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi ya koma ɗan kaɗan.

Wannan magana ta ruwa ita ta kawo su ga labarin jirgin Dufuna. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin Fune na Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri a zurfin wajen mita 5. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya je ya gaya wa hukuma. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin a 1994, sai ga kwalekwale sukutum, an sassaƙe shi daga gungumen maɗaci guda, tsawonsa ya ɗan haura mita 8. Da aka auna shekarunsa a ɗakunan bincike aka tarar ya kai wajen shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka wanda ya kai shi daɗewa, a duniya ma kaɗan ne suka girme shi. An ɗauke shi a 1998 aka kai Damaturu aka ajiye. Dattijon ya ce, "Lokacin da masassaƙin nan yake fafe gungumensa, ba a aza harsashin dalar Masar ba, balle ta Maya."

Daga nan suka gangara Alau. Tarihin baka ya ce a wannan wuri aka binne Mai Idris, babban sarkin Barno na ƙarni na 16, shi ya sa ake ce masa Alauma. Shi ne sarkin da ya kawo 'yan bindiga Turkawa, ya gina masallatai da jan tubali, limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa da Larabci, littafin yana nan har yau ana karantawa. A wannan wuri ne kuma madatsar ruwa ta ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday. Dattijon ya daɗe yana duban ruwan. Littattafansa na koyarwa da hotunan tafiye-tafiyensa da ɗalibai, waɗanda ya adana shekara arba'in cikin akwatin ƙarfe, a wannan dare suka zama taɓo. Bai yi dogon bayani a kai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, yanzu abin da ya rage yana cikin kansa, kan kuwa ya haura shekara saba'in.

Kashegari suka nufi arewa, suka tsaya a bakin gari ta hanyar Monguno. A nan saurayin ya ga abin da ya saba gani kullum amma bai taɓa yi masa kallon tarihi ba, watau gwalalon da aka haƙa aka kewaye Maiduguri da shi, da tudun ƙasa a bayansa, don tare maharan da ke shigowa da dare. Jami'a ma a 2017 an haƙa mata nata, mai tsawon kilomita 27. Garin da aka kafa ba ganuwa, cikin amincewa da cewa zamanin hari ya wuce, ga shi bayan shekara ɗari ya koma dabarar kakanni.

Dattijon ya miƙa sandarsa arewa ya ce dabarar ta girmi yadda ake zato. Wajen kilomita 60 daga inda suke tsaye akwai wani wuri da ake kira Zilum. Wanda ya je ba zai ga kome ba sai fili da fasassun tukwane. Amma da masana suka auna ƙasar da na'ura mai gano abin da ke binne, sai suka ga alamar gwalalo ya kewaye wani gari mai faɗin eka 30, cike da ramukan ajiye hatsi. An zauna garin tsakanin shekara 600 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa, watau kusan lokacin da aka fara zama a Edizna, kuma yana cikin garuruwa masu kariya mafi daɗewa da aka sani a Afirka kudu da Sahara. A wannan yanki ne kuma Gajiganna take, inda aka tono gidajen wasu makiyaya da suka sauka wajen shekara 3,800 da suka wuce, da shanunsu da tumaki da awaki. Da fari tsabar ciyawar daji suke tattarawa, daga baya suka koma noman gero. Sun bar 'yan gumakan shanu na yumɓu, da kayan aiki na ƙashi. Dutsen niƙa da na gatari kuwa daga nesa suke ɗauko shi, domin ƙasar Chadi ba ta da dutse.

Gaba da can, a kusa da tafki, Kukawa take. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ake kira Shehu Laminu, shi ya kafa ta a 1814. Mayaƙan Wadai suka rushe ta a 1846, ɗansa Shehu Umar ya sake gina ta gari biyu kowanne da ganuwarsa, na gabas na sarauta, na yamma na talakawa da fatake, da fili a tsakani. Ita ce tashar ayarin Sahara, raƙuma suna tasowa daga Tarabulus su bi ta Murzuk da Bilma su sauke kaya a ƙofarta, kamar yadda jirage suke sauke kaya a Kamfece. Ta wannan hanya Denham da Clapperton suka iso a 1823, Nachtigal a 1870, Barth kuwa ta wata hanya dabam ya iso a 1851. Kabarin Shehu Laminu yana can. Dattijon ya kai ɗalibai wurin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma a wannan rana daga bakin gwalalo suka juyo, domin hanyar ba ta masu yawon buɗe ido ba ce tukuna.

Dikwa ce kaɗai suka samu suka kai. Suka yi sammako zuwa tashar Muna, suka shiga layin motoci suna jiran a buɗe hanya, sa'an nan aka ɗunguma gaba ɗaya aka bi ta Mafa. Tafiyar wajen kilomita 90 ce. Da suka matsa gabas sai rairayi ya ƙare, aka shiga firki, watau baƙar ƙasar nan mai danƙo wadda take shan ruwa da damina ta tsattsage da rani, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye. A cikin motar dattijon ya ba shi labarin tuddan da ke warwatse a wannan fili har zuwa Ngala. Tun da ƙasar tana cika da ruwa, mutanen da suka zauna nan a kan kufan iyayensu suke gini, ɗaki ya faɗi a daddale a ɗora wani, har wurin ya zama tudu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Daima, wanda Graham Connah na Jami'ar Ibadan ya yanka tun daga sama har ƙasa a 1965 da 1966. Zurfin ya kai wajen mita 11, kuma kowane hawa da labarinsa: a can ƙasa gatarin dutse da mashin kamun kifi na ƙashi, a tsakiya ƙarfe ya bayyana, a sama kayan ado na tagulla da duwatsun wuya da suka zo daga nesa. Sama da shekara 1,500 mutane suna zaune a wuri guda. Barebari suna danganta waɗannan tuddai da mutanen So, waɗanda tatsuniya ta ce ƙatti ne. Saurayin ya yi shiru, can ya ce, "Ashe mu ma muna da gini mai hawa-hawa, Kawu, sai dai namu a binne yake."

A Dikwa suka nemi gidan Rabeh. Mai karatu ya san labarin wannan mayaƙi da ya fito daga ƙasar Sudan da bindigogi, ya karya rundunar Shehu Hashimi a 1893, ya ƙone Kukawa, a shekarar nan da mutanen Kamfece suka fara rushe tasu ganuwar da hannunsu. Ya zaɓi Dikwa ta zama hedkwatarsa, ya gina gida mai kaurin katanga wanda ya haɗa fada da bariki da ma'ajiyar makamai. Shekara 7 ya yi yana mulki da haraji mai tsanani da kamen bayi, har Faransawa suka kashe shi a Kusseri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Shugaban sojan Faransa, Lamy, shi ma a wannan yaƙi ya mutu, aka sa wa garin da ke tsallaken kogi sunansa, shi ne ya zama Njamena a 1973. Dikwa ta faɗa hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbata cikin Nijeriya. An sa gidan Rabeh cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1959. A zamanin nan kuma garin ya sake faɗawa hannun 'yan bindiga, har aka ƙwato shi a 2015.

Saurayin ya tambaya, don me za a adana gidan azzalumi. Dattijon ya ce, "Don shaida ne, ɗana. Ranar da gidan nan ya baje, za a sami mai cewa ba a yi Rabeh ba, ko ya ce mutumin kirki ne. Bango ba ya ƙarya." Ya dafa katangar, ƙasa ta ɗan zubo a tafin hannunsa. A kewaye da su kuwa garin cike yake da mutanen ƙauyuka da rikici ya koro, dubbai, suna zaune cikin rumfunan tamfol a bayan gwalalo, magidanta da yawa ba gona ba sana'a, sai jiran rabon abinci.

A hanyar komowa ne dattijon ya cika alkawarin labarin Ngazargamu. Mai Ali Gaji ne ya kafa birnin wajen 1470, kusa da kogin Yobe, a yankin Gaidam na yanzu, daidai zamanin da Edizna take mutuwa. Sama da shekara 300 yana hedkwatar daular Barno. Faɗinsa wajen kilomita 2 ne, kewayen ganuwarsa ya haura kilomita 6. A tsakiya akwai fada ta jan tubali gasasshe, haka kuma a Gambaru da ke kusa. Mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci birnin a 1808, aka ƙwato, aka sake ci, daga nan aka bar shi. Da dattijon ya je a ƙuruciyarsa, ganuwar ta zama doguwar tudu mai kewaye da fili, makiyaya suna kiwo a inda malamai suka yi karatu, jan tubali yana warwatse cikin ciyawa.

To, a nan ne bambancin da ke tsakanin kufan Maya da na Barno ya fito, kuma shi ne abin da ya kamata hukuma da jama'a su dube shi da idon basira. Mutanen Maya a kan farin dutse suke zaune, da shi suka yi gini. Dutse kuwa yana da haƙurin jira. Edizna ta kwanta cikin daji shekara ɗari huɗu, aka sake gano ta a 1907, shekarar da aka kafa Yerwa, ba a fara tonon ta sosai ba sai 1958, amma duk da haka aka tarar da ita a tsaye. Mutanen Barno Allah bai ba su dutse ba, ya ba su yumɓu, suka yi abin da ya gagara da shi. Sai dai ginin ƙasa da hannun mutum yake rayuwa. In ana yaɓe kowace shekara ya yi ƙarni biyar, in aka ɗauke hannu damina goma ta isa ta kwantar da shi. Tudun tarihi kuma in aka haƙe shi don yin tubali ko aka ratsa shi da katafila, shi ke nan, littafi ne aka yayyage wanda ba shi da kwafi. Yanzu shekara goma sha biyar ke nan da 'yan kai hannu ya ɗauke daga yawancin waɗannan wurare, masanan da suka tone su sun tsufa, malaman da suka san hanyarsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce mutanen da ba su da abinci ina ruwansu da kufai. Amsar tana can Edizna ɗin. A farkon shekarun 1980 yaƙin basasa ya koro dubban mutane daga ƙasar Gwatemala zuwa Meksiko, yawancinsu jikokin Maya ne, aka zaunar da wasu a jihar Kamfece. Daga 1986 aka fara ɗaukar su aikin tono da gyaran Edizna, da taimakon kuɗi daga hukumomin duniya. Ɗan gudun hijira ya sami albashi, ya koyi sana'ar gini, ya ta da birnin kakanninsa da hannunsa. Da yawa daga cikin abin da baƙi suke biyan kuɗi su gani a yau ta hannun irin waɗannan mutane ya fito. A cikin rumfunan Dikwa da Ngala da Monguno akwai magina da suka gaji kwaɓa ƙasa da yaɓe tun kaka da kakanni, ba sai an koya musu ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da gwamnatocin Barno da Yobe, da Jami'ar Maiduguri, da masarautu, in suka haɗa kai, kaɗan daga cikin kuɗin da ake kashewa wajen sake tsugunar da jama'a ya isa a fara da gidan Rabeh, tun da shi yana cikin gari. Sauran wuraren da ba a iya kaiwa, a shata iyakarsu a takarda, a gargaɗi 'yan kwangila, a kuma zauna da dattawan da suka san su a ɗauki maganarsu tun suna da rai. Ba abin da ya gagara ba ne. Sukur, da ke kan duwatsun Madagali a maƙwabciyar Jihar Adamawa, ta shiga jerin UNESCO a 1999, shekara ɗaya da Kamfece.

Saurayin dai ya sayi babban littafin rubutu, kowace Asabar bayan la'asar yakan je ya zauna gaban kawunsa, dattijon yana faɗa yana rubutawa: ta wace hanya ake shiga Gambaru, ƙofa nawa ya ƙirga a Ngazargamu, wace kuka ce ake sauka a gindinta a Kukawa. Sun cika shafi sittin, ba su gama da Kukawa ba. Makarantun Maiduguri kuwa, waɗanda da su ne suke cika motoci da ɗalibai, ko yau suna iya farawa da abin da ke kusa, a kai yara Dandal da Tudun Bama da Alau, a nuna musu a gaya musu. Allah Ya zaunar da ƙasar Barno lafiya, Ya buɗe hanyoyinta, Ya sa a tarar da sauran abin gani ranar da aka buɗe su.